Tambaya da Amsa: Saye, Hawa da Kula da Tsohuwar Babbar Sikuta

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: manyan sikutocin nan masu giyar atomatik, daga masu injin cc 250 zuwa 650, waɗanda suka kwana biyu a hannun wani kafin su shigo kasuwa. Mun haɗa masu kama da juna wuri guda, mun kuma taƙaita dogayen.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina neman babbar sikuta ta hannu don zuwa aiki da 'yar tafiya mai nisa jefi-jefi. An nuna mini Suzuki Burgman 400 da ta ci kilomita 52,000, da Burgman 650 da ta ci 30,000 kacal, kuma kuɗinsu kusan ɗaya. Ba 650 ɗin ce riba ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada lambar da ke kan mita ta yanke maka hukunci. Sikutar da ta ci 52,000 ana hawanta kullum, ana sauya mata mai a kan kari, ta fi wadda ta ci 30,000 sannan aka jingine ta shekara uku. Zama yana cin mashin ta inda tafiya ba ta ci: bel ya bushe, robobin da ke tare mai su ƙandare, fetur ya ruɓe a tanki, birki ya cije.

Sai kuma bambancin ƙira, wanda shi ne ya kamata ya fi ɗaukar hankalinka. Burgman 400 silinda ɗaya gare ta, giyarta kuma bel ne na roba a bayan murfi guda a gefen hagu. Bakanike mai kayan aiki zai buɗe, ya sauya, ya rufe cikin 'yan awoyi. Ita kuwa 650, wadda ta fito a 2002, silinda biyu ce, nauyinta ya kai kilo 270, kuma giyarta na'urar lantarki ce ke sarrafa ta, tana can ƙunshe a jikin inji. Takan daɗe ba ta ba da matsala ba, a doguwar hanya kuma daɗin hawanta sai wanda ya hau. Amma ranar da giyar ta lalace, sai an sauke inji gaba ɗaya kafin a kai gare ta. A tsofaffin 650 akwai wani ƙaramin ƙusa da ke riƙe fulin gaba na giyar, wato faifan da bel ke hawa a kansa, bakinsa yakan cinye a hankali. Ana kwance shi daga waje a duba, ba wahala. Tambayi mai sayarwa ko an taɓa duba shi. In bai ma san da zamansa ba, ka san irin kulawar da mashin ɗin ya samu.

Ga wanda wannan ce babbar sikutarsa ta farko, mu 400 za mu zaɓar masa, ko takwarorinta irin su Yamaha Majesty 250 da 400. Wanda lallai sai silinda biyu, Honda Silver Wing 600 tana da bel na gama-gari mai sauƙin sauyawa. Yamaha TMAX, da ta fito a 2001, ta fi su iya shan kwana, sai dai masu son gudu ne suka fi sayenta, don haka a tsananta bincike.

Kafin ka biya, tabbatar za ka iya samun bel, rololin cikin giya, fatun birki da filtocin wannan samfurin. Kula da shekarar ƙira: an sake fasalin Burgman 400 a 2003, aka sake a 2007, kuma kayan wannan ba lallai su hau wancan ba. Wadda aka yi wa kasuwar Japan ma sunanta Skywave. Da lambar shasi ake neman kaya, ba da sunan da ke liƙe a jikin roba ba.

Tambaya: Zan je ganin wata sikuta da aka ce lafiyarta ƙalau. Ni ba bakanike ba ne, kuma komai nata a rufe yake da roba. Me zan duba?

Amsa: Fara da gaya wa mai ita kada ya tayar da ita kafin ka iso. Kana zuwa, kai bayan hannunka kusa da salansa. In da ɗumi, an ɗumama ta, kuma inji mai ɗumi yana ɓoye wahalar tashi da ƙarar sarkar cikin inji da hayaƙin farko.

Murɗa makulli, kada ka tayar tukuna. Fitilun gargaɗi na mita su kama duka, sannan su mutu. Ta ABS, na'urar da ke hana taya cijewa in an matse birki, in akwai, sai an fara tafiya take mutuwa. Fitilar da ba ta kama ba sam ta fi wadda ta ƙi mutuwa ban tsoro, domin akwai masu cire ƙwan don a rufe laifi. Sannan ka tayar, ka koma baya ka kalli salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi inji ne ke ƙona baƙin mai, ko ta ringi ko ta robobin bawul. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ruwan lagireto ne ke shiga silinda. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, shi ya fi sauƙin gyara.

Bar ta tana aiki a tsaye har fankar lagireto ta kama da kanta ta kuma tsaya. Zai iya ɗaukar minti goma ko fiye, amma kada ka tsallake wannan. Kana jira, haska tocila ta ƙarƙashi da ta ramin tayar gaba: nemi jiƙar mai, busasshen farin tabo ko kore na ruwan lagireto, tsatsa a jikin shasi, da sabon walda. Bayan an kashe, zaro sandar awon mai. In man ya koma fari-fari mai kauri, ruwa ya gauraya da shi. Ka haƙura da wannan mashin.

Ɗora ta a ƙafar tsakiya, wani ya danne bayan har tayar gaba ta bar ƙasa. Juya kan mashin a hankali daga dama zuwa hagu. In ka ji yana ɗan maƙalewa daidai tsakiya, boris ɗin wuya ya cinye. Kama ƙafafun gaba biyu ka ja ka tura, kada ka ji ƙwas-ƙwas. Shafa yatsa a kan sandunan shokozoba na gaba: mai a yatsa yana nufin roba ta mutu, ƙananan ramukan tsatsa kuma za su sake yaga sabuwar da za ka sa. Girgiza tayar baya gefe da gefe. Ita ma kada ta yi wasa.

Roba takan ba da labarin faɗuwa in ka san inda za ka kalla. Dubi ratar da ke tsakanin ɓangarori, ta dama ta yi daidai da ta hagu. Dubi ƙarshen hannayen birki, ƙarshen kan, gefen salansa da gefen matakin ƙafa. Ƙarcewar faɗuwa a tsaye ba komai ba ce, kusan kowace tsohuwar sikuta tana da ita. Sabon fenti a gaba kaɗai, tare da kan da bai yi saiti da taya ba, karo ne.

Kada ka manta da makullai. Yamaha da yawa na wancan zamani suna zuwa da jan makulli wanda da shi ake yi wa sabon makulli rajista, na Piaggio kuma ruwan ƙasa ne. In babu shi kuma wanda ke hannunka ya ɓata, gyaran yakan kai ga sauya kwamfutar mashin. Gwada lambar shasi da ta takardu, harafi da harafi.

Sai gwajin hawa. Tashi daga tsaye a hankali sau da yawa, ka ji ko tana karkarwa. Buɗe totur a miƙaƙƙiyar hanya: ƙarar inji da gudu su riƙa hawa tare. Matsa kowane birki shi kaɗai. In hannun yana bugun yatsunka, farantin ya lanƙwashe. Da ka dawo, kashe ta, jira minti biyu, sake tayarwa da zafinta. Inji mai matsattsun bawul ko raunin famfon fetur a nan yakan tona kansa.

Ko da ta ci duk wannan jarrabawa, ware kuɗin baƙin mai da filta, man giyar baya, bel, ruwan lagireto, man birki da fulogi tun kafin ciniki. Abin da ba a nuna maka shaidar an sauya ba, ɗauka ba a sauya ba.

Tambaya: Majesty 400 gare ni. In zan tashi daga tsaye sai ta riƙa karkarwa kamar za ta wargaje, da ta ɗan ɗau gudu sai ta daina. Kuma gudunta na ƙarshe ya ragu. Wani ya ce inji ne. Gaskiya ne?

Amsa: Da wuya ya zama inji. Alamomi biyun nan duka a bayan murfin bel suke, kuma in ka fahimci abin da ke ciki za ka gane dalili.

Fuli biyu ne, bel ya haɗa su. Na gaba yana kan sandar inji, a bayansa akwai rololi, shida ko takwas gwargwadon samfuri. Inji na ƙara juyi, rololin na gudu zuwa waje, suna matse fuskokin fulin, bel ya hau sama. Fulin baya kuma yana da ƙaƙƙarfan sifirin da ke matse shi. Bel na hawa a gaba, yana nutsewa a baya. Canjin giyar ke nan. A jikin fulin baya kuloci yake: fatu ne da juyi ke buɗa su har su kama wani kwanon ƙarfe da ke haɗe da tayar baya.

Karkarwar da kake ji fatun nan ne suka yi santsi. Maimakon su kama kwanon sannu a hankali, sai su kama su saki, su kama su saki. Ƙurar bel da ta fatun da ta taru, zafi, ko giris da ya tsallako daga fulin baya, su ke jawo haka. Raguwar gudu kuwa bel ne ya sirance har ba ya iya hawa ƙololuwar fulin gaba, ko rololi sun yi gefe mai faɗi suna cijewa a hanyarsu.

Ga yadda aikin yake. Bari inji ya huce, a cire robar waje da murfin ƙarfe, a jera ƙusoshin yadda aka ciro su domin tsawonsu ba ɗaya ba ne. A riƙe fulin gaba da ƙarfen riƙewa na musamman a kwance notinsa, haka ma na kwanon kuloci. Kada a cusa sukurudireba tsakanin fikafikan fulin don a tare shi. Alminiyom ne, fiffike ɗaya ya karye fulin ya rasa daidaito. Kafin a zare komai, a ɗauki hoton jerin wasoshi, 'yan zobban ƙarfen da ke bayan noti.

Auna faɗin bel a wurare uku ko huɗu. A yawancin waɗannan mashina, in ya ragu da milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga faɗin sabo, ya gama aiki. Ainihin iyakar tana cikin littafin gyaran samfurinka. Lanƙwasa shi baibai ka dubi tsakanin haƙora. Tsagewa, zare da ya fito a gefe, ko gefe mai ƙyalli, duk sauyi suke nufi. Kamfanoni sukan sa wa'adin bel tsakanin kilomita 20,000 da 25,000, Majesty 400 ma tana da fitila a mita da ke tunatar da kai. Bel ɗin da ya haura shekara biyar a sauya shi ko bai kai wannan nisa ba. In ya tsinke kana tafiya, mafi sauƙi inji ya yi ta ƙara mashin ba ya gaba. In abin ya zo da ƙarar kwana, guntayen su naɗe su tsayar da tayar baya.

Murza kowace rola tsakanin yatsu. In ka ji kusurwa, sauya su duka, da masu nauyi iri ɗaya da na asali. Masu sauƙi suna sa inji ihu da shan mai, masu nauyi suna kashe ƙarfin tashi. Sauya 'yan robobin da ke kan farantin bayan rololin a lokaci guda. Wasu samfura rololinsu a bushe suke aiki, wasu da giris na musamman. Bi abin da littafin ya ce, kada ka bi abin da ka tarar, don wanda ya buɗe kafin kai zai iya yin kuskure.

Fatun kuloci a goge su da samfefa mai lamba 120 ko kusa da haka, sama-sama, har ƙyallin ya tafi. A goge cikin kwanon, a wanke da maganin wanke birki na feshi. Kwanon da ya koma shuɗi ya sha zafi sosai. In ya yi gurbi ko ya karkace, sabo ne maganinsa. Kada ka hura ƙurar da baki ko ka shaƙe ta. Babban notin da ke riƙe kulocin a kan fulin baya kuwa, kada a kwance shi sai da abin matse sifirin, domin sifirin yana da ƙarfin da zai fasa wa mutum fuska.

Wurin mayarwa ne aka fi yin ɓarna. Matse fulin baya da hannu biyu ka buɗa shi, bel ya nutse ciki sosai, don ya saki a gaba. In ba haka ba, fuskar fulin gaba za ta danne bel, noti ya yi kamar ya ɗauru alhali bai zauna ba. Bayan 'yan kilomita sai ya kwance ya cinye haƙoran sandar inji, gyaran da ke buƙatar tsaga inji biyu. Ana ɗaurewa ana juya fulin da hannu. In bel yana da kibiya, ta kalli inda yake juyawa. A ɗaure da sifana mai awon ƙarfi zuwa adadin da littafi ya faɗa, ba da bindigar iska ba. Ko ɗigon mai kada ya taɓa bel ko fuskar fuli.

Majesty 400 tana da filtar iska biyu ta inji, dama da hagu, da ta uku ta akwatin bel. Ta ukun ce aka fi mantawa, kuma in ta toshe zafi ne zai cinye sabon bel ɗinka.

Don kada karkarwar ta dawo da wuri, gyara hannunka. Tashi da totur mai ɗan ƙarfi, kuloci ya kama ya gama. Jan jiki da ɗan totur a cunkoso, da riƙe mashin a kan tudu da totur maimakon birki, su ke gasa fatun.

Tambaya: Zan iya zuba wa sikutata baƙin man mota? An ce ai ba ta da kuloci irin na babur.

Amsa: Ya danganta da wacce. Burgman 400, Majesty da Silver Wing kulocinsu busasshe ne, yana waje, mai ba ya taɓa shi, don haka mai alamar JASO MB (JASO ma'aunin ingancin man babur ne da ake rubutawa a jikin gora) ya yi musu, mai MA ma ba laifi. TMAX da Burgman 650 kuwa kulocinsu a cikin mai yake iyo. Su dole sai JASO MA ko MA2, domin man mota na zamani yana da sinadarin rage gogayya da ke sa irin wannan kuloci sulɓi. Kaurin da aka fi rubutawa shi ne 10W-40.

Abin da ya fi nau'in man muhimmanci shi ne yawansa. Masu silinda ɗaya da dama ba sa ɗaukar lita biyu, kuma a babbar hanya injinsu yana daɗewa a juyi mai yawa. Tsohon inji zai iya shanye rabin lita ba ka ga hayaƙi ba, rabin lita a nan kuwa babban kaso ne. Duba kowane mako da kuma kafin doguwar tafiya: a ƙafar tsakiya, a shimfiɗaɗɗen wuri, bayan inji ya yi 'yan mintoci an kashe ya ɗan lafa. A yawancinsu sandar awon ɗora ta ake yi a baki, ba a murɗa ta ciki. Sauya mai duk kilomita 5,000 zuwa 6,000 ko sau ɗaya a shekara, wanda ya riga zuwa; mai yawan gajerun tafiye-tafiye ya rage.

Akwai kuma man giyar baya, kusa da taya, wajen kwatan lita. Shi kusan kowa ya manta da shi sai giyar ta fara kuka. Fara kwance ƙusan zubawa kafin na tsiyayewa, kada ka zubar da tsoho sannan ka tarar ba hanyar zuba sabo. Sa sabon wasa, ɗan zoben da ke ƙarƙashin kan ƙusan, kuma kada ka ɗaure da ƙarfin tsiya. Zaren alminiyom ne.

Tambaya: Allurar zafi tana hawa idan na shiga cunkoso, da hanya ta buɗe sai ta sauka. Ina ƙara ruwan famfo lokaci-lokaci.

Amsa: Zafin da ke zuwa a tsaye ya tafi a guje yana nuna fanka. Bar ta tana aiki ka saurara. In allura ta wuce tsakiya fankar ba ta motsa ba, duba fiyus ɗinta, sannan ka ba fankar wuta kai tsaye daga batir. In ta juya, laifin na makunnin zafi ne ko rile ko waya. In ba ta juya ba, ita ce ta mutu. A yawancin sikutocin nan lagireto yana ƙasa, daidai bayan tayar gaba, duk laka da tsakuwar da tayar ta watso a kansa suke sauka. Wanke shi da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba. Ruwa mai matsi yana kwantar da siraran fikafikan.

Amma maganarka ta biyu ta fi damun mu. Lafiyayyen mashin ba ya shan ruwa. In kana ƙarawa, yana fita ta wani wuri. Dubi bakin tiyo-tiyo, murfin lagireto, da ɗan ramin da ke ƙarƙashin famfon ruwa. Ɗiga daga ramin nan alama ce robar famfon ta mutu. In ba ka ga yoyo a waje ba, buɗe murfin lagireto da sanyin inji, ka tayar. Kumfa da ke ta fitowa ba ƙaƙƙautawa gaskit ɗin kan silinda ne. Kada ka kuskura ka buɗe murfin da zafi.

Ruwan famfo zalla yana barin gishiri a cikin siraran bututu, yana cin alminiyom, yana kuma saurin tafasa. Zuba ruwan lagireto na kwalba wanda aka riga aka haɗa, ko ka haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa, a sauya duk shekara biyu. Bayan sauyi a fitar da iska: cika a hankali, matsa tiyo da hannu, bar inji ya yi zafi har fanka ta kama, ya huce, a sake cikawa. Iskar da ta maƙale ita kaɗai ta isa ta sa allura hawa da sauka.

Tambaya: Batir na biyu ke nan cikin wata shida. Jiya ta ƙi tashi, muka tura ta har muka gaji. Ina matsalar?

Amsa: Sannu da wahala, amma turi ba ya tayar da irin wannan mashin. Kulocin juyin inji ne ke kama shi, taya ba ta iya juya inji, kuma yawancinsu ba su da kik. Shi ya sa lafiyar caji a nan ba abin wasa ba ce.

Kafin ka zargi batir, tabbatar ƙafar gefe a ɗage take, makunnin kashe inji na hannun dama yana daidai, kuma ka matse birki sosai. In ka matse fitilar birki ba ta kama ba, ɗan makunnin hannun birkin ne ya mutu, sitata kuma ba za ta amsa ba. Gwada ɗaya hannun.

Sai mitar awon wuta. Batir da ya kwana a huce ya nuna volt 12.6 zuwa 12.8. Lokacin da sitata ke juyawa kada ya faɗi ƙasa da 10. Inji na aiki, an ɗan ɗaga totur, ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5. In bai wuce na hutu ba, ba caji. In ya haura 15, rektifaya, na'urar da ke daidaita wutar caji, ce ke dafa batir, kuma haka za ta yi wa na uku.

In ba caji, bi wayoyi uku masu launi ɗaya, galibi rawaya ko fari, da suka fito daga inji zuwa rektifaya. Buɗe soket ɗinsu. Sau da yawa za ka tarar ya yi baƙi ko ya narke, saboda tsatsa ta hana wuta wucewa sai ta zama zafi. Da soket a cire, auna tsakanin kowace waya biyu: awo ukun su zo daidai da juna, kuma kada ko ɗaya ta haɗu da jikin inji. In ɗaya ta bambanta, kwayil ɗin caji ya ƙone. In duk lafiya, rektifaya ce.

In kuwa caji lafiya amma batir na mutuwa a ajiye, wani abu ne ke shan wuta a ɓoye. Fitilar akwatin ƙarƙashin kujera ta shahara da wannan idan kujerar ba ta rufu sosai ba. Haka ƙararrawar ɓarayi ko cajar waya da aka jona kai tsaye a batir.

Tambaya: Na shekara da shekaru a kan babur mai giya. Yanzu na koma Silver Wing, sai nake jin kamar sabon koyo, musamman wurin juyawa a ƙaramin fili. Ko tsufa ne?

Amsa: Ba tsufa ba ne, Alhaji, hannu ne bai saba ba. Abu na farko da za ka kankare daga kanka: hannun hagu yanzu birki ne. Wanda ya saba damƙe kuloci in zai tsaya, ranar farko yakan damƙe birki da wannan ƙarfin. A Silver Wing ma hannun hagun yana taɓa birkin gaba tare da na baya. Nemi fili marar mutane ka yi ta tashi da tsayawa har hannun ya koyi matsawa a hankali.

Juyawa a hankali dabara ɗaya ce. Riƙe totur kaɗan ba sassautawa, don kuloci ya zauna a kame, sannan ka sarrafa gudun da hannun hagu. Kai da idanu su kalli inda za ka, ba ƙasa ba. In ka saki totur a tsakiyar kwana, kuloci zai saki, mashin mai kilo kusan 250 ya zama ba abin da ke tura shi, sai ya faɗo ciki. Matse birkin dama kan yana karkace shi ma kayarwa yake. Wannan riƙon totur na 'yan daƙiƙu ne wurin juyi, kada ya zama ɗabi'a a cunkoso.

Haka nan a gangara: in gudu ya sauka ƙasa sosai, kuloci yakan saki, riƙon da inji ke yi ya ɓace, mashin ya sulale. Ɗan taɓa totur zai mayar da shi. Kuma tunda ba giyar da za a bar ta a ciki, ja birkin ajiya duk inda ƙasa ba ta daidaita ba, gaban kuma ya kalli tudu.

Tayoyin inci 12 zuwa 15 ne, ba su kai na babur ba, don haka rami yana shigarsu sosai, kuma zaman miƙe ƙafa yana aika bugun kai tsaye zuwa ƙugu. In ka hango rami, rage gudu tun da nisa, saki birki kafin ka shiga, ka dawo da ƙafafu ƙasanka ka ɗan ɗaga jiki. A kwana mai zurfi ƙafar tsakiya ce ke fara gogar ƙasa, musamman da goyo. Ƙara taurin shokozoba na baya in za ka ɗauki mutum ko kaya. Wurin ɗora ta a ƙafar tsakiya, nauyin jikinka za ka sauke a kan matakin da ƙafar dama, hannu jagora kawai yake yi. Gilashin gaba da robobi suna tare iska har mutum ya manta irin gudun da yake yi, don haka hular kwano mai rufe haɓa, safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu suna nan daram kamar a kan kowane babur.

Tambaya: Tayoyin da na tarar a kanta zanensu bai cinye ba ko kaɗan, amma tana sulɓi in an yi ruwa. Kuma zan yi tafiyar wata huɗu in bar ta.

Amsa: Hajiya, dubi gefen tayar, bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta wuce shekara biyar zuwa shida ta ƙandare ko da zanenta na nan, sai a sauya, tare da bakin hura iskar. Awon iska a bi takardar da ke liƙe a jikin mashin, a auna da sanyin taya. A yawancinsu gaba yana wajen bar 2 zuwa 2.25, baya 2.5 ko sama kaɗan.

Kafin ki tafi, a sauya baƙin mai, a cika tanki don kada ciki ya yi tsatsa, a ɗora ta a ƙafar tsakiya a inuwa, a saki birkin ajiya don kada ya manne. A cire wayar batir ta baƙi, ko a bar shi a kan ƙaramar caja mai yanke kanta. In mai kafireta ce, a kwance ɗan ƙusan da ke ƙasan kafiretar a tsiyaye fetur ɗin ciki, domin shi ne ke bushewa ya toshe ƙananan ramuka. Kada ki sa a riƙa tayar da ita minti biyu-biyu a tsaye. Hakan batir yake ci, ya kuma tara ruwa a salansa da cikin mai. Da kin dawo, a auna iska, a matsa birki biyun a ga sun kama sun saki, sannan a fita.